Rijistar Zaman Laraba

Ni ne mai biro a ƙarshen tebur,
can inda sanyin na'ura ba ya kaiwa.
Shekara tara ina rubuta wa manya zancensu
a hawa na uku, bayan kasuwar riɗi ta Gadarif,
a kamfanin da ke matse mai yana turawa bakin teku.

Kujeru bakwai, shayi bakwai da na'ana'a.
Haj Siddiƙ a kai, ɗansa a dama,
surukinsa a hagu, kuma shi ne mai binciken kuɗi.
An ba kura ajiyar nama,
an ce ta ƙirga da kanta, ta sa hannu.

Batu na huɗu: rijiya a Hillat Gwani.
Hannu bakwai sun tashi kafin in ɗiga aya.
A kafa allo, a shafa masa kore,
a kira mai hoto, a kayar da rago biyu,
'yan makaranta su jeru da fararen riguna.
Na rubuta: an amince.

Batu na biyar: matatar dattin da injinmu ke amayarwa.
Nan aka tuna da tsadar dala.
Nan aka lura shayi ya huce.

Sai Sitt Ihsan, wadda ta gaji kason mijinta
da kujerar da ba a zaci tana da baki ba,
ta zare tabarau, ta goge da gefen mayafi,
ta ce: Ruwan da muke saki a kwari,
ina yake kwana?

Shiru. Agogon bango kaɗai ya amsa.

Ni na san inda yake kwana.
A Hillat Gwani aka binne cibiyata.
Kakana ya taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare masa a bakin kwarin nan,
ya kafa bukka, ya ce sai baɗi.
Baɗin ce har yau muke ciki.
Ruwan yana kwana a cikin awakin Baba Jatau,
a ƙafafun yara masu ƙaiƙayi har asuba,
taku ɗari biyu daga inda za a kafa allon.

Ta ce: Rijiya kyauta ce, matata bashi.
Wa ya taɓa biyan bashi da tukwici?
A kawo mai bincike wanda ba ya cin asida a gidanmu.
A ƙaro kujera ta takwas,
wanda ke shan ruwan ya zo ya zauna a kanta.

Haj ya ja carbi ɗaya, biyu,
ya dube ni ta saman gilashi:
Wannan hira ce, Ɗan'azumi, ba ta shiga rijista.
Hannu shida, da ɗaya da bai tashi ba.
An ɗage batun sai bayan kaka.

Da dare na zauna da takarda da albashina,
da kuɗin haya, da maganin Inna,
kowanne yana ba ni shawara.
Biro bai fi tsinke nauyi ba,
amma ranar sai da na sa hannu biyu.
Ƙarƙashin batu na biyar na zuba maganarta duka,
har da goge tabarau.

Haj ba ya karanta abin da ya wuce shafi ɗaya.
Ya sa hannu yana amsa waya.
Yanzu tambayar tana kwance a kabad ɗin ƙarfe,
sunansa a ƙarƙashinta kamar mai gadi.
Ko banki zai buɗe wata rana, ko gara ce za ta riga shi,
ban sani ba.

Ranar buɗe rijiya an yi guɗa, an ci nama.
Inna ta ratso taro, ta miƙo mini moɗar farko
domin ni ne ɗanta na kamfani.
Ruwan garau, har ina ganin fuskata a ciki.
Na riƙe, ban kai baki ba, ban ajiye ba.
Mai hoto ya ce in ɗan yi murmushi.